Sitiyarin Motar Baba

Motar Baba ta girme ni. Ya saye ta ne a hannun wani Bature malamin makaranta da zai koma ƙasarsu, tun ina goye, kuma ko a lokacin ba sabuwa ba ce. Doguwa ce mai ƙaton goshi, kujerar gabanta guda ɗaya ce shimfiɗe daga wannan ƙofa zuwa waccan. A cikinta aka kai ni makarantar kwana, a cikinta aka ɗauko ƙannena daga asibiti suna jarirai. Daga baya ta fara tari, kayan gyaranta suka yi wuya, sai Baba ya sa aka tura ta cikin rumfar kwanon da ke jikin zaurenmu a Ƙofar Gayan, aka ɗora ta a kan duwatsu. Ya koma hawan ƙaramin babur zuwa ofis. Kaji suka mai da ƙarƙashinta wurin hutun rana, mu kuma muka daina ganinta, kamar yadda mutum ke daina ganin katangar gidansu.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin Baba ya yi ritaya daga ofishin ruwa. Ni kuwa na gama kwalejin horon malamai, ina koyar da zane a wata makarantar 'yan mata, ina zaune a gida ban yi aure ba tukuna. Zaman gida bai karɓi Baba ba. Mutum ne da ya saba da bin bututu da ba da umarni, sai ga shi daga masallaci sai zaure. Ya gyara famfon tsakar gida wanda lafiyarsa ƙalau. Ya sauya wa randunan Inna wuri. Ranar da ya shiga madafi yana ba da shawarar yadda ya kamata a jera tukwane, Inna ta ajiye ludayi ta dube shi.

"Malam, ga mota can shekara da shekaru tana jiran ka. Don Allah ka je gare ta, ka bar mini tukwanena."

Ta faɗa ne don ta kore shi daga madafi, amma washegari da hantsi muka ji ƙarar ana jan kwano. Baba ne da tsohuwar rigar aikinsa, yana korar kaji.

Aikin ya ci watanni. Wani bakanike da suka san juna tun suna samari ya riƙa zuwa, suka sauke inji, suka wanke, suka mayar. Ranar da ta tashi, hayaƙin da ta yi sai da maƙwabta suka fito da bokitai. Aka yi wa jikinta fenti ruwan madara, kuma babu wanda ya yi gardama a kan wannan, don launin yana nan a bakin ƙofofi inda rana ba ta taɓa ba. Kujerun fata ne, sun koɗe sun bushe, amma ba su yage ba. Abu ɗaya ya rage, shi ne sitiyari.

Bakin rumfar yana kallon yamma, saboda haka kullum rana na shiga ta gilashin gaba ta zauna a kansa. Ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani, ya yi fari fat, in ka riƙe shi sai ya bar maka gari a tafin hannu. Bakanike ya ce wannan ai mai sauƙi ne, ya je wajen 'yan gwangwan ya samo wani baƙi mai kyau, ya ɗaura. Baba ya shiga ya zauna, ya kama shi da hannu biyu, ya juya dama ya juya hagu. Bai daɗe ba ya fito.

"Cire shi," in ji shi.

"Alhaji, ai daidai ya zauna."

"Ya zauna a motar. Ni hannuna bai san shi ba. Dawo mini da nawa."

Da haka sitiyarin ya shigo zaure, ni ma na shigo aikin. Baba ya ce tunda gwamnati na biyana don in koya wa 'ya'yan mutane launi, to gida ma ya ci moriya. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Da na dawo daga makaranta na ci abinci, sai in ji muryarsa: "Uwata, zo mu duba majinyacin nan."

Muka fara da tsagar. Kowace sai an ƙara buɗa bakinta da ƙaramin zarto don gam ya sami wurin kamawa, sa'annan a kwaɓa gam ɗin nan mai haɗi biyu a murfin gwangwani, a cusa, a bar shi ya ƙame, a goge da samfefa. Bayan sitiyarin akwai tudu-tudu inda yatsu ke zama, nan ne ya fi cin rai, don in ka goge da ƙarfi sai tudun ya baje. Baba yakan rufe ido ya bi shi da yatsa, in ya ji wani wuri ya yi kaushi sai ya miƙo mini ba tare da ya buɗe idon ba. Wata rana na ga wasu 'yan ramuka a jere a ƙasan da'irar, na ɗebo gam zan cike, ya riƙe hannuna.

"Bar wannan."

"Baba, ai rami ne."

"Haƙoranki ne. Kina tsiron haƙori, na ɗora ki a cinya ina jiran Innarku ta fito daga gidan suna, kika kama shi kika gatsa. Sai da na sa yatsa na ɓamɓare ki."

Na yi dariya har samfefa ta faɗi daga hannuna. Muka bar ramukan yadda suke.

Da muka gama, sitiyarin ya yi sumul, sai dai ya zama dabbare-dabbare, fari da ruwan toka. Saura fenti. A nan ne gidanmu ya rabu.

Ranar Juma'a ce, Kawu ya biyo bayan an sauko daga masallaci kamar yadda ya saba. Ƙanen Inna ne, yana sayar da yadi a kasuwa, kuma akwai wasa mai yawa tsakaninsa da Baba. Suna zaune a tsakar gida ana shan fura, na tambayi Baba wane launi za mu gaya wa mai fenti.

"Ruwan goro mana," ya ce, kamar na tambaye shi sunan unguwarmu.

Inna tana tankaɗe, ta ɗago kai. "Wane irin ruwan goro? Ruwan hanta dai."

"Ke da kike zama a gefe? Ni ne na riƙe shi shekara da shekaru."

"Kai hanya kake kallo, Malam. Ni kuwa ba abin da nake kallo sai shi da hannunka, don tsoron gudun da kake yi."

Kawu ya ajiye ludayinsa, ya share baki. "Ku duka kun manta. Ruwan makuba ne. Ranar da aka kawo motar nan na ce sitiyarinta kamar an shafe shi da makubar daɓen ɗakin kakarmu. Ni da nake sayar da yadi za a gaya wa launi?"

"Kai da ka taɓa sayar wa mace shuɗi ka ce mata kore ne," in ji Baba.

"Da magariba ta zo!"

Aka juyo kaina. Gaskiya ni abin da na tuna shi ne abu mai duhu mai santsi, da ɗumi in rana ta buge shi. Ban iya sa masa suna ba. Sai Baba ya miƙe ya ce yana da shaida. Ya shiga ɗaki, muka ji yana jan akwati, ya fito da hoto yana murmushin wanda ya ci shari'a. Ga shi nan kuwa, matashi da shi, ya leƙo da kai ta taga, hannunsa ɗaya a kan sitiyari. Hoton baƙi da fari ne. Kawu ya karɓa, ya kai shi kusa da ido, ya nisanta shi, sa'annan ya ce da murya irin ta alƙali, "To, magana ta ƙare. Ruwan toka ne, duk mun faɗi." Inna ta yi dariya har ta zubar da gari.

Maganar ta fita waje. Dattawan da ke zama a dakalin ƙofar gidanmu bayan la'asar kowa ya kawo nasa. Wani ya rantse ja ne wur. Wani ya ce shi dai ya san akwai ƙarfe mai ƙyalli a tsakiya, sauran bai lura ba. A ƙarshe Baba ya ce motar tasa ce, don haka ruwan goro.

Mai fentin yana Tudun Jukun, a gindin wata babbar bishiyar mangwaro. Mutum ne gajere mai fara'a, farcensa kowanne da irin launinsa. Muka je da Baba ranar Asabar, ni ina riƙe da sitiyarin a naɗe cikin tsohon zane. Ya juya shi, ya yaba aikin gam ɗin, ya tambayi launi. Baba ya faɗa masa.

"Goro wanne, Alhaji? Fari, ko ja, ko wanda aka riga aka tauna?"

"Wanda aka tauna."

"An daɗe ana taunawa, ko yanzu aka fara?"

Baba ya ce kada ya mai da shi abin wasa, ruwan goro dai da kowa ya sani. Mai fenti ya ce to. Akwai faifan ƙarfe a tsakiyar sitiyarin, wurin danna hon, kusoshinsa sun yi tsatsa sun ƙi kwancewa, sai ya rufe shi da takarda kawai ya yi feshinsa.

Da aka kawo shi aka ɗaura, duk gidan muka fito kallo. Ban san yadda zan kwatanta ba. Cikin motar duk duhu-duhu ne mai kamala, kujeru da jikin ƙofofi da allon gaba, sai ga wannan abu a tsakiya yana ƙuna kamar an yanka gwanda. Inna ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Baba ya shiga ya zauna da mutuncinsa, ya kama, ya dubi gaba kamar mai tuƙi. Ya daɗe a haka. Sa'annan ya sauke hannu.

"To," ya ce. "Ba shi ba ne."

Shi ya fara dariyar, mu kuma muka samu izini. Kawu da labari ya kai masa a kasuwa, rufe shago ya yi ya zo don kada a cire bai gani ba.

Muka koma zaure da samfefa. Wannan karon Baba ya ce ba za a yi aikin rufe-rufe ba, sai faifan hon ya fita. Ya riƙa ɗiga wa kusoshin kananzir safe da yamma, yana ɗan ƙwanƙwasa su, har suka saki. Ina riƙe da da'irar, ya sa bakin wuƙa ya ɗaga faifan a hankali. Sai ya tsura wa wurin ido.

"Uwata, duba nan."

A ƙarƙashin faifan akwai wani zobe, faɗinsa bai fi na awarwaro ba, wanda rana ba ta taɓa gani ba tun ranar da aka ƙera motar. Launin na nan lafiyayye, yana sheƙi kamar jiya aka yi shi. Na goge shi da gefen mayafina. A duhun zaure ya yi kama da hanta. Muka fito da shi rana, sai wani ja mai ɗumi ya taso daga cikinsa. Baba ya ɗauka ya shiga cikin gida da sauri, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, yana kiran Inna. Ta duba ta ce, "Ba na faɗa ba?" Shi kuma ya ce ta fito rana ta gani, ai ga goron nan a ciki. Ni a raina na san Kawu ne ya fi kusa, amma na ga ba ranar faɗar haka ba ce. Kawu da kansa ya faɗa, kuma ya ci gaba da faɗa har ƙarshen rayuwarsa.

Na ɗauka wahala ta ƙare, tunda ga launi a hannu. Ashe ganin launi daban, haɗa shi daban.

Muka koma gindin mangwaro. Mai fenti ya ga zoben ya yi kabbara, ya jawo gwangwanayensa: ja, baƙi, ruwan ɗorawa, fari, da wasu ragowa. Ya ce Malama ta fara, tunda aikinta ne. Na zuba ja, na riƙa ɗiga baƙi da tsinke ina juyawa, na ƙara ɗorawa kaɗan, har na ga ya yi daidai da zoben. Na shafa a kan wani guntun kwano ina jin daɗin kaina. Mai fenti ya ce mu sha ruwa tukuna. Kafin mu gama gaisawa da masu wucewa, abin ya bushe ya koma kusan baƙi.

"Fentin mota haka yake, Malama," ya ce. "Yana jiƙe yana yi miki murmushi, in ya bushe sai ya ɗaure fuska. Sai kin tsaya kafin ki iso inda za ki."

Ya haɗa nasa. Nasa bai yi duhu ba, amma ja ya yi masa yawa, kamar jan barkono. Muka kuma lura da wani abu: launi a kan shimfiɗaɗɗen kwano ba ya nuna yadda zai kasance a kan abu mai lanƙwasa, don haske na zamewa a gefensa. Nan Baba ya sami nasa aikin. Asabar ta gaba ya zo da buhu cike da guntayen bututun ruwa da ya yanyanka, kaurinsu ɗaya da sitiyarin. Ya ce shekarunsa na ofishin ruwa ba su tafi a banza ba. Duk haɗin da muka yi sai a fesa a guntu ɗaya, a ɗaura masa zare, a rataye a reshen mangwaro. Kafin wani lokaci bishiyar ta yi 'ya'ya iri-iri, daga masu kama da tumatir har masu kama da gawayi. Masu kawo motoci suna tsayawa su tambaya ko maganin baki ne.

Jan ne ya ƙi kwanciya. In muka sa baƙi don mu kashe shi, sai launin ya mutu gaba ɗaya. Ina tsaye ina kallon guntayen suna juyawa a iska, sai na tuna abin da nake gaya wa ɗalibaina in furensu ya yi ja da yawa. Na tambayi mai fenti ko yana da kore.

"Kore? A cikin wannan?" Ya dubi Baba. "Alhaji, Malama za ta dafa mana miyar kuka."

"Ba ta," in ji Baba.

Ya tono wani gwangwani da ya rage daga fentin wata motar haya. Na tsoma kan tsinke, na ɗiga, na juya. Jan ya lafa, bai mutu ba, ya dai zauna. Mai fenti ya karɓi gwangwanin ya karkata shi wajen haske, ya yi wata 'yar ƙara a maƙogwaro. Na ɗauko ɗorawa zan ƙara, sai ya tare hannuna da tsinkensa. Ya ce man ƙyallin da za a fesa a sama daga ƙarshe yana da nasa rawaya, kuma yana ƙaruwa da shekaru, in na cika yanzu nan gaba goron Alhaji zai dawo. Na janye hannu. Muka fesa, muka jira ya bushe, ya bi shi da man ƙyalli, muka sake jira. Da muka kara guntun da zoben, a rana da inuwa, sai da na matso da ido sosai kafin in ga inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Mai fenti ya ɗaga guntun sama yana nuna wa mutanen da ba su san abin da ake ciki ba.

Muka dawo gida da guntun bututunmu kamar mun ɗauko amarya. Baba ya buɗe mota ya ɗora shi a inda sitiyari zai zauna. Sai murnarsa ta ragu. Launin daidai ne, amma kujeru da jikin ƙofofi sun koɗe, sun yi fari-fari, shi kuwa sabo fil. Ya yi kama da sabuwar hula a kan tsohuwar riga. Da ma can duk launi ɗaya ne da sitiyarin, rana ce ta cinye su a hankali ba mu lura ba.

"Yanzu wanne za mu bi?" Baba ya tambaye ni. "Na ainihi, ko wanda suka koma?"

Muna nan tsaye sai ga Inna ta fito da mayafinta, abin da ba ta cika yi da rana ba. Ta zagaya ta buɗe ɗaya ƙofar, ta zauna a wurinta na da. Ta dubi guntun, ta shafa kujerar da tafin hannu, ta ce fatar nan ƙishirwa take ji. Ta aika aka ɗauko mata kwanon man kaɗanyarta. Ta lakato da yatsa, ta murza a wani lungu na kujerar, ta ci gaba da murzawa da gefen zane. Muna kallo wurin ya yi duhu, jan ya taso, kamar ƙafar yaro da aka shafa wa mai bayan wanka.

"Ku da kuke ta yawo Tudun Jukun," ta ce, "ba wanda ya tuna ya ba ta mai."

Kwanakin da suka biyo baya duk gidan shafa muke yi. Ni da ƙannena mata muka ɗauki kujerar baya, Inna ta riƙe ta gaba ba ta yarda kowa ya taɓa ba, Baba yana bin jikin ƙofofi. Motar ta ɗauki warin kaɗanya, har wata akuyar maƙwabta ta riƙa zuwa tana leƙe. Fatar ba ta koma sabuwa ba, amma ta matso kusa ƙwarai. Sauran tazarar muka raba ta: muka koma wurin mai fenti ya sassauta haɗin da ɗigon fari, ya kuma rage ƙyallin, don kada sitiyarin ya fi 'yan uwansa ɗagawa.

A lokacin damina ta kankama, ganuwa ta yi kore shar. Mai fenti ya ce ba zai fesa ba sai ranar da gari ya washe, don damshi na sa fenti ya yi hazo. Baba ya zama mai duban sama, da asuba in ya dawo daga masallaci sai ya tsaya a tsakar gida yana nazarin gajimare. Da ranar ta samu aka fesa, shafi siriri a kan shafi siriri. Baba bai yarda a bar shi ya bushe a gareji ba, ya kawo shi gida a cikin kwali, ya rataye shi da igiya a azarar ɗakinsa, ya hana shara, ya hana turare, ya hana kowa shiga. Duk da haka wani ƙuda ya sami hanya ya sauka a kai ya maƙale. Baba ya fito da fuska kamar an yi rasuwa. Sai da aka goge wurin aka sake taɓa shi, Kawu kuwa ya zo takanas ya yi masa ta'aziyyar ƙudan.

Ranar da aka ɗaura shi, aka mayar da faifan hon da Baba ya goge da toka har yana ɗaukar ido, ba wanda ya yi dariya. Ya zauna a cikin motar kamar bai taɓa barin ta ba. In baƙo ya leƙa ba zai ce an yi wa wani abu fenti ba. Baba ya shiga, ya kama, ya bi bayan da'irar da yatsunsa. Ya ce, "Alhamdu lillahi." Sa'annan ya ce kowa ya shirya, za mu gai da Gwaggo.

Gwaggo yayarsa ce, tana aure a Limancin Kona. Inna ta zauna gaba, ni da ƙannena muka cika baya. Lungunan birni ba a yi su don irin wannan mota ba, Baba yana tafe a hankali yana kauce wa kwata da tumaki, yara na bin mu da gudu suna buga bayan motar da tafi, dattawa na ɗaga hannu daga kan dakali. Duk wanda ya ɗaga masa hannu sai ya danna hon. Gwaggo ta fito har ƙofar gida da sandarta, ta zagaya motar tana sa albarka. Baba ya buɗe mata ƙofa ya nuna sitiyari, yana jiran yabo. Ta leƙa ta daɗe.

"Ya yi kyau," ta ce. "Amma ni a sanina da baƙi ne."

Inna ta ce kada wanda ya amsa mata, mu shiga mu gaisa.

Da muka fito la'asar ta yi sanyi. Maimakon ya nufi gida, Baba ya bi ta ƙofar gari ya fita bayan ganuwa, inda hanya ta miƙe tsakanin gonakin masara. Ba kowa sai wani mai keke can nesa. Ya tsaya a gefe, ya bar injin na aiki, ya fito ya zagayo ya buɗe ƙofar baya.

"Uwata, fito. Koma gaba."

"In yi me, Baba?"

"Ki tuƙa mana. Kin sha wahalarsa, ki ji yadda yake a hanya."

Inna ta ce, "Malam, da mu a ciki?"

"Da ku a ciki. Matsa mini."

Ya zauna a tsakiya, tsakanina da Inna. Ban taɓa tuƙa ko keke ba. Ya nuna mini abin da zan taka da ƙafar hagu, ya kama hannuna ya sa giya, ya ce in saki a hankali kamar ina sauke tulu. Na saki gaba ɗaya. Motar ta yi tsalle ta mutu, ƙannena suka zube a kan juna suna ihu. Inna ta kama salati. Baba ya murɗa makulli ya ce in sake. A karo na gaba ta yi tsalle ba ta mutu ba, ta fara tafiya, masara ta fara wucewa ta gefe. Sitiyarin ya fi yadda na zata nauyi, yana ɗan rawa a hannuna, da ɗumin rana a jikinsa.

"Kada ki shaƙe shi," in ji Baba. "Riƙe shi sako-sako. Dubi gaba, can nesa. Yawwa."

Mai keken da ya hango mu ya sauka ya shige cikin gona da kekensa tun ba mu iso ba. Muka wuce shi a hankali, tafiyar da ko mai ƙafa zai iya cim mana. Baba ya leƙa ta gabana ya ɗaga masa hannu, ya ce, "Sannu da hanya, Malam! Ɗaliba ce!" Mutumin ya ce Allah ya ba da sa'a, amma bai fito daga masarar ba sai da muka yi nisa. Inna, da har lokacin take riƙe da hannun ƙofa, ta ce in dai an kai waccan bishiyar kukar a tsaya haka nan, tana da tuwo a gaba. Baba ya ce a bar yarinya ta kai kuka ta biyu.